Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen NAS Don Ajiyar Bayanai da Hotunan Gida

Mene ne NAS, kuma me ya raba shi da faifan USB da nake da shi?

NAS ƙaramar kwamfuta ce da ba ta da allo ba ta da madannai, an saka ta cikin akwati mai gurabe inda ake zura faya-fayan ajiya. Na gida yawanci gurbi biyu ne ko huɗu. Ana jona shi da rautar gida ta kebul, a bar shi kunne, sai duk wata waya ko kwamfuta da ke kan Wi-Fi ɗin gidan ta riƙa tura masa hotuna da takardu, tana kuma ɗaukowa daga gare shi.

Faifan USB ma yana ajiya, har ya fi araha nesa ba kusa ba. Matsalarsa ɗaya ce: sai ka tuna da shi. Ka ɗauko, ka jona, ka kwafa. Mutane kan yi haka wata na farko da na biyu, daga nan sai ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka ƙwace ta, a buɗe faifan a tarar kwafin ƙarshe na bara ne. Abin da kake saya a NAS shi ne aikin ya riƙa yin kansa: ka shigo gida, wayarka ta kama Wi-Fi, hotunan ranar su wuce akwatin ba tare da ka taɓa komai ba.

Ina amfani da Google Photos. Me zan yi da wani akwati kuma?

Wataƙila babu. Idan kai kaɗai ne, hotunanka ba su kai gigabait 200 ba, kuma biyan kuɗin wata-wata bai dame ka ba, ka zauna inda kake, ka ƙara da faifan USB guda. Ba kowane gida ne ke bukatar NAS ba, ko da masu sayarwa sun ce haka.

Lissafin yana canzawa idan gida ya cika da wayoyi. Tun ranar 1 ga Yuni, 2021 Google ya daina ba da ajiyar hotuna kyauta marar iyaka. Abin da ya rage shi ne gigabait 15, kuma Gmail da Drive duk a ciki suke ci. Na Apple, wato iCloud, gigabait 5 ne kacal. Maigida, uwargida, yara uku masu waya, kowa yana ɗaukar bidiyon suna da biki da saukar karatu, sai a wayi gari kowa na biyan nasa kuɗin. Ga kuma data: duk bidiyon da ya tafi Google sai ya bi ta intanet. Wanda ya tafi NAS ta Wi-Fi ɗin gida kuwa bai fita daga gidan ba, don haka ko rautar ba ta da data a ranar, zai wuce.

Gurbi nawa ya kamata in saya?

Biyu ya ishi yawancin gidaje. Mai gurbi ɗaya ba shi da kariya idan faifan ya mutu, don haka ban ga dalilin sayensa ba. Mai huɗu na mai sana'ar hoto ne ko bidiyo, ko wanda ya san zai riƙa ƙara faifai a hankali. Yana da tsada, yana shan wuta, ya fi ƙara.

Wane girman faifai?

A yi lissafi. Hoton waya ɗaya yana tsakanin megabait 2 zuwa 5. Idan aka ɗauka 4 ne, terabait ɗaya zai ci hoto kusan 250,000. Hotuna ba su ne ke cika faifai ba, bidiyo ne. Minti ɗaya na bidiyon 4K mai santsi a iPhone yana kai megabait 400, awa guda kenan gigabait 24. Mai ɗaukar hoton biki da kyamara a tsarin RAW, wato hoton da ba a matse ba, inda kowane hoto ke kai megabait 30 ko fiye, zai iya dawowa daga biki ɗaya da gigabait 60.

Ka tara abin da ke cikin duk wayoyi da kwamfutocin gidan yau, ka ninka sau uku, ka sayi girman da ya fi kusa. Ga yawancin iyalai wannan yana faɗawa kan terabait 4, wasu 8. Abu biyu kada su ba ka mamaki. Faifan da aka rubuta wa terabait 4 zai nuna kusan 3.6 a kwamfuta, bambancin yadda ake ƙirga ne, ba cuta ba ce. Sannan faifai biyu masu terabait 4 a tsarin madubi, inda kowanne ke ɗauke da kwafin ɗaya, terabait 4 za su ba ka, ba 8 ba.

Tunda faifai biyu ne kuma kowanne na ɗauke da kwafin ɗaya, ai shi kenan na tsira?

A'a, kuma a nan ne aka fi yin asara. Tsarin madubi, wanda ake kira RAID 1, yana rubuta komai a faya-fayai biyu lokaci guda. RAID 5 yana bukatar aƙalla uku, yana jure mutuwar ɗaya. RAID 6 yana jure mutuwar biyu. Synology na da nasa mai suna SHR, wanda ke ba ka damar haɗa faya-fayai masu girma dabam-dabam. RAID 0 kuwa sauri da fili kawai yake bayarwa, faifai ɗaya ya mutu komai ya tafi, kada ka kusance shi da hotunan iyali.

Ban da RAID 0, duk waɗannan cuta ɗaya suke magani: mutuwar faifai. Idan yaro ya goge fayil ɗin hotunan aurenku, an goge a duka biyun cikin daƙiƙa ɗaya. Idan tsawa ta bi wayar wuta ta ƙona akwatin, tare suke. Haka ɓarawo, haka gobara, haka ambaliya. Kamar mutum ne ya yi wa makullin gidansa kwafi, sannan ya rataye su biyun a zobe ɗaya.

Ƙa'idar da masu wannan harka suka daɗe suna bi ita ce 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku na duk abin da kake ji da shi, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wajen gida. Kuma a lura, idan ka tura hotuna NAS sannan ka goge su daga waya don samun fili, kwafi ɗaya gare ka, ko faifai nawa ne a akwatin.

Goge abu bisa kuskure yana da nasa maganin. Akwatunan da ke aiki da tsarin Btrfs ko ZFS suna iya riƙe yadda fayiloli suke a wani lokaci da ya wuce, ana kiran abin Snapshot. Ka saita shi sau ɗaya a rana, ya riƙe na wata guda ko uku, sai ka iya komawa Talatar da ta wuce ka ɗauko abin da ya ɓata. Kafin ka biya kuɗin kowane akwati, ka tabbatar yana da wannan.

To kwafin na waje fa, ina zan kai shi?

Hanya mafi sauƙi: faifan USB biyu. Ɗaya na jone da akwatin yana karɓar kwafi kowane dare, ɗaya yana ofis ko gidan wani ɗan'uwa a wata unguwa, duk wata ka musanya su. Ka kulle su da kalmar sirri tunda za su kwana a hannun wani, ka kuma rubuta kalmar a takarda ka adana, domin idan ta ɓace babu mai buɗe maka. Akwai ma'ajiyoyin intanet irin su Backblaze B2 da Synology C2, suna da kyau ga mai intanet marar iyaka, amma turin farko na ɗaruruwan gigabait ta layin waya ba abin wasa ba ne. Wasu kan raba: takardun fili, shaidar karatu da zaɓaɓɓun hotuna su tafi intanet, bidiyo ya tsaya a faifan USB.

Sau biyu a shekara ka gwada dawo da fayil goma daga kwafin, ka buɗe su da idonka.

Kowane faifai zan iya sakawa?

Zai shiga, amma ba kowanne ya dace ba. Ka nemi waɗanda aka ƙera don aiki dare da rana: WD Red Plus, Seagate IronWolf, Toshiba N300. Abin dubawa a jikin bayanin faifan shi ne haruffa uku, CMR ko SMR, wato yadda faifan ke jera rubutunsa. A SMR layukan rubutu suna hawa kan juna don a samu fili, sai faifan ya yi nauyi ƙwarai idan ana rubutu mai tsawo, kamar lokacin da akwati ke sake gina kansa bayan an canza faifan da ya mutu, wato daidai lokacin da ka fi bukatarsa. A 2020 aka gano cewa wasu WD Red masu terabait 2 zuwa 6 SMR ne ba tare da an bayyana ba, aka yi ta cece-kuce, daga nan kamfanin ya ware CMR ɗin a ƙarƙashin sunan Red Plus. CMR za ka saya.

Akwatin tokumbo ba laifi in yana samun sabunta manhaja har yanzu. Faifan tokumbo kuwa ban ba da shawara ba. Ko sabo ka saya, da ka saka shi ka buɗe bayanan lafiyar faifan da ake kira SMART, ka duba awannin da ya yi yana aiki, ka yi masa gwaji mai tsawo kafin ka ɗora masa komai. Idan da hali, kada ka sayi biyun daga kwali ɗaya a rana ɗaya, don kada su tsufa su mutu tare. Backblaze, wanda ke da dubban ɗaruruwan faya-fayai kuma yake wallafa alƙaluman mutuwarsu, yakan nuna kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari a shekara, amma a ɗakuna masu sanyi da tsayayyar wuta.

SSD, wato faifan da ba ya juyawa, ba ya ƙara, yana jure girgiza, sai dai kuɗin kowane terabait ya ninka. Ga ajiyar hotuna ba lallai ba ne.

Wane kamfani ya fi?

Synology da QNAP, dukansu na Taiwan, su ne suka daɗe a kasuwar gida. Synology ya fi sauƙin sarrafawa, manhajarsa DSM da Synology Photos ba sa bukatar mutum ya zama injiniya, shi ya sa nake tura mai farawa can. Amma injinsa yakan yi rauni idan aka kwatanta da kuɗin. A 2025 ma ya fito da sharaɗin cewa sababbin akwatunansa na jerin Plus sai da faya-fayan da ya amince da su, masu saye suka yi ca, kafin shekarar ta ƙare ya sassauta a DSM 7.3. Don haka ka duba jerin faya-fayan da samfurin ke karɓa kafin ka saya. QNAP yakan ba da inji mafi ƙarfi a kuɗi ɗaya, manhajar hotunansa QuMagie ce, saitinsa ya fi yawa. Asustor da TerraMaster sun fi araha. UGREEN, wanda aka sani da caja da kebul, ya shigo a 2024 da inji mai kyau da manhajar da ba ta daɗe ba.

A cikin kamfani ɗaya ma akwai bambanci. DS223j na Synology gigabait 1 na RAM gare shi kuma ba a ƙarawa. Zai yi ajiya lafiya, amma zai yi nishi idan ka zuba masa hoto dubu ɗari ya tantance fuskoki. DS224+ na da furosesan Intel da gigabait 2 da ake iya kaiwa 6. In dai hotuna ne babban dalilinka, ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai RAM da ake ƙarawa.

Ina da tsohuwar kwamfuta. Ba za ta yi ba?

Za ta yi, in kana son wasa da irin waɗannan abubuwa. TrueNAS da OpenMediaVault kyauta ne, Unraid na kuɗi ne. A kansu za ka iya ɗora Immich, manhajar hotuna ta kyauta wadda ta fi kowace kama da Google Photos: tana tura hotuna daga waya, tana gane fuskoki, tana nuna taswirar inda aka ɗauka. Tsohuwar laftof ma tana da wata fa'ida, batirinta a jikinta yake. Abin tambaya shi ne wa zai gyara ranar da ka yi tafiya abin ya tsaya. Idan amsar ita ce babu kowa, sayi na kamfani.

Da irin wutarmu, akwatin zai rayu kuwa?

Wannan tambayar ta fi ta kamfani muhimmanci. An ƙera waɗannan akwatuna da tunanin wuta ba ta yankewa. Ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu yana iya lalata fayil, wani lokaci tsarin faifan gaba ɗaya, kuma kashewa da kunnawa sau da yawa a rana yana gajiyar da faifai. Sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareto ma yankewa ce a wurinsa.

UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura idan wuta ta yanke, dole ne, ka sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko. Ba kowane UPS ba, mai ƙofar USB da ke magana da akwatin, irin wasu samfuran APC, CyberPower da Eaton. Aikinsa ba riƙe akwatin na awanni ba ne. Da wuta ta tafi zai sanar da shi, akwatin ya kammala rubutu ya kashe kansa cikin natsuwa. Sai ka kunna saitin da ke sa ya tashi da kansa idan wuta ta dawo. Ka jona rautar ma a kan UPS ɗin. Ƙananan batiran da ake sayarwa don rauta galibi ba sa ɗaukar NAS, domin faifai na jan wuta sosai a daidai lokacin da ya fara juyawa.

Mai sola da inbata ya huta. Akwati mai gurbi biyu yana shan kusan watt 15 yana aiki, wato kusan yunit 11 a wata idan bai taɓa hutawa ba, kuma yana raguwa sosai idan faya-fayan suka yi barci. Wanda ba shi da inbata zai iya saita masa jadawali, ya kunna da yamma na wasu awanni lokacin da kowa ke gida, wayoyi su sauke kayansu, ya kashe kansa. A damina kuma, in hadari ya haɗu da tsawa, cire filogi da kebul ɗin rauta ya fi kowace na'urar kariya.

Zafi da ƙura fa?

Yawancin akwatunan gida an rubuta musu iyakar zafin ɗaki digiri 40. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, rana na wuce haka a watan Afrilu. Kada a sa shi a cikin kabad, ko kusa da taga, ko saman inbata. Ɗakin da ya fi sanyi, bisa tebur, da sarari a bayansa don fanka ta shaƙa. Manhajar tana nuna zafin kowane faifai. In kana ganin 50 kullum, canza masa wuri. Lokacin hunturu ƙura kan toshe fankar, sai a kashe shi a busa.

Yaya zan tsara hotunan don kada su zama tarin shara?

Manhajojin hotuna suna jera komai ne bisa kwanan watan da kyamara ta rubuta a cikin hoton, bayanin da ake kira EXIF. Muddin yana nan, hotunan shekara goma za su jeru da kansu. Matsalar ita ce WhatsApp, wanda ta nan yawancin hotunan bikinmu ke yawo. Yana matse hoto ya rage ingancinsa, yana kuma cire wannan bayani, sai hoton auren 2016 ya bayyana a ranar da aka turo maka shi. Hoton da kake so ka adana, ka roƙi mai shi ya turo a matsayin takarda, ko ku haɗa waya da waya. Sannan a manhajar turawa ka zaɓi foldar kyamara kaɗai. In ba haka ba duk gaisuwar Juma'a da tallar atamfa da aka taɓa turowa a zauren dangi za su tare a akwatinka.

Mai kwaso hotunansa daga Google ta Takeout ya sani cewa wasu bayanan, kamar kwanan wata da aka gyara da bayanin hoto, suna zuwa ne a ƙananan fayiloli dabam masu ƙarewa da json. Akwai manhajojin da ke mayar da su cikin hotunan. A yi wannan kafin a zuba, kuma kada a goge na Google sai an tabbatar komai ya iso.

Ra'ayina shi ne a riƙe tsarin fayil mai sauƙi a ƙarƙashin kowace manhaja: shekara, sai wata da sunan taro, misali "2023-04 Ƙaramar Sallah". Kundin da ka haɗa a cikin manhaja da sunayen da ka sa wa fuskoki suna zaune ne a cikin manhajar, ranar da ka koma wani kamfani ba lallai su bi ka ba. Sunan fayil kuwa kowace kwamfuta na karanta shi. Gane fuska yana taimakawa, amma yana rikicewa da jarirai da 'yan'uwa masu kama, sai ka gyara da hannu.

Kowa a gidan a buɗe masa nasa asusun. Synology Photos, alal misali, na da wurin mutum shi kaɗai da wurin kowa da kowa. Hotunan da mata suka ɗauka a wurin lalle ko cikin ɗaki ba na allon falo ba ne, kuma idan uwargida ba ta yarda cewa nata nata ne ba, ba za ta kunna turawar ba. A kuma faɗa wa kowa gaskiya: mai riƙe da asusun shugaba yana da ikon kaiwa ga fayilolin, don haka a zaɓi wanda aka amince da shi.

Zan iya ganin hotunan ina wajen gida?

Za ka iya, amma ta nan ɓarayi ke shigowa. A Afrilun 2021 manhajar garkuwa da bayanai mai suna Qlocker ta kulle fayilolin masu QNAP, a Janairun 2022 DeadBolt ta biyo baya, wata guda bayan haka ta faɗa wa Asustor. Synology ya sha nasa tun 2014 da SynoLocker. A Yunin 2021 masu tsohon WD My Book Live suka tashi suka tarar an share musu komai daga nesa. Kusan duk waɗanda abin ya shafa akwatunansu a buɗe suke kai tsaye ga intanet.

Don haka kada ka buɗe ƙofar shiga daga intanet a saitin rauta, ka kashe UPnP, saitin da ke buɗe irin wannan ƙofa da kansa. Ka rufe asusun da ya zo da suna admin, ka sa tabbatarwa mai mataki biyu, ka bar manhaja ta riƙa sabunta kanta. Don shiga daga waje, Tailscale ce hanyar da na fi so: tana haɗa wayarka da akwatin ta rufaffiyar hanya, tana da tsarin kyauta da ya ishi gida, kuma tana aiki ko a intanet ɗin layin waya da Starlink, inda yawanci ba a ba ka adireshin intanet naka na kanka. QuickConnect na Synology ya fi sauƙin saitawa, sai dai yakan yi jinkiri.

Sauri fa? Sai na sayi mai ƙofar kebul ta gigabit 2.5?

Ƙofar gigabit tana kai kusan megabait 110 a daƙiƙa, terabait guda cikin awa biyu da rabi in manyan fayiloli ne. Wayoyi ta Wi-Fi ba kasafai suke cika wannan ba. Mai tace bidiyo kai tsaye daga akwati shi ke bukatar 2.5 ko 10.

Idan akwatin kansa ya mutu, faya-fayan suna lafiya?

Galibi bayanan suna nan. Za ka iya mayar da faya-fayan cikin wani akwatin na kamfani ɗaya, bisa jerin da suke, ya karɓe su. Synology da QNAP a kan Linux suke, don haka wanda ya iya zai iya karanta su a kwamfuta mai Ubuntu. Windows ba ya gane su, zai ma tambaye ka ko ya goge ya shirya su. Ka ce a'a. Ka rubuta lambar gurbi a jikin kowane faifai tun ranar farko, kuma in ka kai wa mai gyara, ka gaya masa kada ya taɓa komai sai ya yi kwafi.

Nawa zan tanada gaba ɗaya?

Farashi yana bin dala, don haka ka tambaya a ranar saye. Abin da za ka lissafa guda huɗu ne: akwatin, wanda yawanci fanko yake zuwa, faifai biyu, UPS, da faifan USB aƙalla ɗaya mai girman abin da ka tara. Sau da yawa akwatin bai kai rabin jimlar ba. Idan kuɗin bai kai duka ba, ka rage girman faifai ko ka ɗauki akwati mai araha, amma kada ka cire UPS ko kwafin waje. Batirin UPS kuma yana son canji duk bayan shekara biyu zuwa uku, a wuri mai zafi ma kafin haka.